Wane giris ake sa wa kulocin bel na babur mai ƙafa huɗu?

Auwal: Salam jama'a. Don Allah masu harkar babur mai ƙafa huɗu ku taimaka min da shawara. Yamaha Grizzly 700 ne a hannuna, na kwance murfin bel zan yi masa sabis, na ciro fulin gaba, wato faifan da bel yake hawa ta ɓangaren inji, na buɗe marfin da rola suke ciki sai na tarar giris ɗin ya bushe ya yi baƙi ƙirin ya daskare a gefe guda, wasu rolar ma a bushe suke ƙamas. Bel ɗin shi lafiyarsa lau, ba tsagewa ba ƙyalli. To wane giris zan mayar? Ina da jan nan na boris ɗin taya, ina kuma da baƙin nan mai moli, wato sinadarin molybdenum mai ƙara santsi, da ake cusa wa shaf ɗin tayar gaba. Wanne ya fi a ciki ko kuwa sai na nemo wani daban

Nura: Wslm. Sa jan kawai mutumina, ai giris giris ne, in dai an rubuta yana jure zafi shi ke nan. Boris ɗin taya ma ai zafi yake ɗauka

Baba Tanko: A'a Nura kar ka kai yaro ka baro. Auwal kar ka sa komai. Wajen bel ba a kai masa maiƙo ko ɗigo ɗaya, a bushe yake aiki. Na daɗe ina kwance baburan kamfanin Polaris, su kansu a littafinsu cewa suka yi kar a shafa wa kulocin mai, bushin ɗin ciki an yi shi ne ya zame da kansa, in ka sa giris ƙura ce za ta manne da garin bel su haɗu su zama kwaɓi su riƙa cin bushin ɗin, ƙarshe fulin ya ƙi buɗewa da rufewa yadda ya kamata. Ka wanke ka hure da iska ka mayar

Auwal: Baba to ai ni da giris na same shi a ciki, kuma da alama tun daga kamfani ne don akwai zoben roba a bakin marfin wanda ya rufe shi ruf

Injiniya Hadiza: Sannunku. Baba Tanko gaskiya ya faɗa amma a kan irin kulocin da ya saba da shi, matsalar ita ce ba duka ne iri ɗaya ba shi ya sa wannan maganar kullum take jawo musu. Na Polaris ƙarafan nauyi ne masu lanƙwasa suke lilo a kan fin, a buɗe suke iska na ratsa su, wannan a bushe yake tafiya ba ja. Na Yamaha kuwa, wanda suke kira Ultramatic, da ke kan Grizzly da Kodiak, rola ne masu nauyi suke hawa gangara a cikin wani ɗaki da aka rufe da marfi da zoben roba, an ƙera shi ne da giris a ciki tun asali. Abin da duka biyun suka haɗu a kai shi ne fuskar fuli inda bel yake kamawa da bel ɗin kansa ba sa son ko ƙanshin maiƙo. To Auwal naka yana son giris, amma a cikin ɗakin rola kaɗai da kan hannun da fulin yake zamewa a kai, kuma ba kowane giris ba

Baba Tanko: To madalla 'yata, in dai a rufe yake da roba wannan wata magana ce. Amma dai na tsaya a kan bakata cewa abin da ya fi kashe bel shi ne maiƙo

Injiniya Hadiza: Ƙwarai Baba, a nan ba mu da saɓani

Nura: To Injiniya tunda kin ce yana son giris ai mun dawo maganata, me ya hana jan

Injiniya Hadiza: Launi ba ya nuna komai Nura, rini ne kawai kamfani yake zubawa, za ka samu ja mai kyau ka samu ja na banza. Bari in ɗan ja maganar ku yi haƙuri. Giris abu uku ne aka haɗa, akwai mai wanda shi ne yake aikin santsi, akwai abin da ake kaurara shi da shi wanda yake riƙe man kamar yadda soso yake riƙe ruwa, sai kuma sinadaran ƙari. In zafi ya yi yawa ko aka matse shi da ƙarfi sai ya saki man. Yanzu ka duba inda za a sa shi, fulin gaba a kan shaf ɗin inji yake, in inji yana juyi 6000 a minti shi ma haka yake juyawa. Ka lissafa, abin da ke nesa da tsakiya da santimita 5 kacal a wannan gudun ƙarfin da ke wurga shi waje ya kai kusan ninki 2000 na nauyinsa. Boris ɗin taya bai taɓa ganin irin wannan ba, taya a gudun kilomita 60 a awa juyinta ɗaruruwa ne kawai a minti. Ga kuma zafin inji ta gefe ɗaya ga zafin gogar bel ta ɗayan. Giris ɗin da bai dace ba zai yi laushi, man ya rabu da shi, juyi ya tura shi bakin marfi, duk ranar da zoben robar nan ya ɗan saki sai ka gan shi ya fantsama cikin gidan bel. Daga nan bel ya fara sulɓi, sulɓi ya kawo zafi, zafi ya ƙona gefen bel ya yi ƙyalli, shi ke nan an yi asararsa

Auwal: Kai. To ya zan gane wanda zai jure?

Injiniya Hadiza: Hanya mafi sauƙi ka nemi wanda masu babur ɗin suka ce a sa, Yamalube Ultramatic Grease, a tsofaffin littattafai za ka ga sun kira shi Grizzly grease. Littafin gyara ya faɗi har giram nawa za a zuba, ka duba na shekarar naka ka auna da sikeli kar ka yi da ido

Sagir: Ni fa a nan nake da ja. Duk kamfani cewa zai yi ka sayi nasa, ai ba su suke dafa giris ɗin ba wani ne yake yi musu su manna suna. In mutum ya san abin da yake nema a jikin gwangwani zai samu wanda ya yi daidai da shi. Ba kowa ne zai ajiye babur yana jiran a kawo masa wani takamaiman giris ba alhali aiki na jiransa

Injiniya Hadiza: Ban ƙi taka ba Malam Sagir, amma sai in mutum ya san abin da zai duba ɗin, yawanci kuwa kalmar jure zafi kawai ake gani a ɗauka. In dole ta sa sai an canza to ga abin dubawa. Na farko lambar kauri, NLGI, tana tashi daga 000 mai kamar ruwa har zuwa 6 mai tauri, wanda aka fi amfani da shi 2 ne, kar ka ɗauko 0 ko 1 ka kai wajen da ake wurgi da abu haka. Na biyu zafin da yake narkewa ya fara ɗiga, ana rubuta shi a takardar bayanin giris. Litiyom na gama-gari wajen digiri 190 zuwa 200 na Salsiyas yake ɗiga, wanda aka rubuta Lithium Complex yana haura 260, foliyuriya ma can sama yake, kalsiyom salfonet yana wuce 300. Kuma kar a ɗauka wannan lambar ita ce zafin da zai iya aiki a kai, zafin aiki yana ƙasa da ita sosai, tun kafin ya ɗiga ya riga ya fara sakin mai. Na uku ya zama ba ya cin roba da filastik, don rolar nan rigar filastik ce a jikinsu, ga ƙananan takalman zamiya su ma filastik ne, ga sil na roba. Wannan na ukun shi ne gwangwani ba ya cika faɗa maka, shi ya sa ni dai in na samu na asali hankalina ya fi kwanciya

Sagir: To ai kin ga kin kawo hujjata da bakinki, akwai madadi

Injiniya Hadiza: Akwai, amma kai za ka ɗauki nauyin gwajin. In ka sa madadi kar ka rufe ka manta, bayan ɗan aiki ka buɗe murfin bel ka shafa yatsa a cikinsa daidai saitin fulin gaba, in ka ji maiƙo ko ka ga layin ɗigo-ɗigo ya zagaye murfin to ya fara fita

Oga Lawal: Barkanku. Na karanta tun daga sama. Abu ɗaya da ba a taɓo ba wanda kuma shi na fi gani a wajen aiki, haɗa tsoho da sabo. Mutum zai buɗe ya ga tsohon giris ya ragu sai kawai ya ɗora sabo a kai ya rufe. Giris biyu in abin kaurinsu ba ɗaya ba ne suna iya ɓata juna, litiyom da foliyuriya sau da yawa ba sa shiri, mai yumɓu ma ba ya shiri da yawancinsu, sai ka ga haɗin ya tsinke ya koma ruwa-ruwa ko ya sandare, kowanne shi kaɗai lafiya lau ne amma a haɗe sun lalace. An kawo min wani kwanaki wai bel sabo ne amma in aka ba shi wuta a hawa sai inji ya yi ta kuka babur ba ya gaba, ga wari kamar ana ƙona taya. Ina cire murfi na ga cikinsa ya yi baƙin maiƙo zagaye, na buɗe ɗakin rola na tarar da kala biyu, ja a sama wani ruwan toka a ƙasa, tsakiyarsu ya narke yana bin gefen marfi, an cika shi maƙil har ba wajen da rola za su motsa sosai, zoben robar kuma an cije shi wajen rufewa ya yanke. Wanda ya yi aikin da niyyar alheri ya yi, gani yake yawan giris shi ne kula. Auwal ka kwashe tsohon nan tas, ka wanke kowace rola da gangarar da take hawa har ka ga ƙarfe fes, ka bar shi ya bushe sannan ka sa sabo

Auwal: Oga ngd sosai. Da me zan wanke, fetur zai yi?

Oga Lawal: Ɓangaren ƙarfe ka samu abin fesa na wanke birki, shi ba ya barin maiƙo in ya bushe. Rola da takalman filastik da robobi kuwa ka goge da tsumma ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, kar ka jiƙa su a fetur. Kalanzir da gas suna barin santsi a jikin ƙarfe, in ka yi amfani da su wajen narkar da tsohon giris to dole ka bi da abin da zai ɗauke santsin. Fuskar fuli ka bi ta da soson Scotch-Brite a hankali ka cire baƙin robar da ta manne, sannan ka goge da farin tsumma da asiton ko sifirit har sai tsumman ya fito fari. Kuma ka wanke hannunka kafin ka taɓa bel, da yawa da yatsunsu suke kai maiƙon ba su sani ba

Baba Tanko: Lawal ya gama magana. Ka kuma duba rolar ɗaya bayan ɗaya ka murza a yatsa, in ka ji wani gefe ya baje ya yi fili to ta gama aiki, ba giris ɗin da zai gyara ta, kuma a canza su duka tare don nauyinsu ya zo ɗaya. Bel in za ka mayar da tsohon ka mayar da shi ta fuskar da yake juyawa da, ka lura da inda rubutun yake kallo kafin ka cire

Nura: To shi baƙin mai moli fa da ya ce yana da shi? ai wannan an ce ya fi kowanne ƙarfi

Injiniya Hadiza: Ƙarfinsa a wajen da ƙarfe yake danne ƙarfe da nauyi ne ana tafiya a hankali, kamar gwiwar shaf da haƙoran shaf. Na shaf ɗin taya kuma yawanci yana da laushi, ba a yi shi don wurgi ba. In moli ya taɓa fuskar fuli fitar da shi aiki ne don shiga yake cikin ƙananan ramukan ƙarfe ya zauna. Sannan akwai inda yake da haɗari na musamman, boris mai juyi gefe ɗaya, wanda yake sa inji ya riƙe babur a gangara in ka saki wuta. Shi wannan da kamu yake aiki, ƙananan haƙoransa sai sun ciji ƙarfe sannan ya kulle, in ka sa masa abin da ya cika santsi irin moli ko girafait sai ya riƙa zamewa, ka zo gangara da kaya ka saki wuta ka ji babur ya tafi sakaka. Masu baburan kamfanin Can-Am su suka fi sanin wannan don nasu yana jikin fulin gaba, littafinsu Isoflex Topas NB 52 ya ce a sa, na kamfanin Klüber, shi kuma da bariyom aka kaurara shi, wani dalilin ke nan na kar a haɗa shi da wani. Na Grizzly yana can ciki ɓangaren baƙin mai tare da jiƙaƙƙen kuloci, wato kulocin da yake aiki a cikin baƙin mai, ba ya cikin wannan aikin da Auwal yake yi

Musbahu: Ni duk wannan wahalar ce ta sa na tsaya a Honda wlh, ba bel ba giris ɗin bel

Sagir: Naku ai giya ce, kowa da abin da ya dame shi. Amma tunda ana maganar, akwai masu cire giris ɗin gaba ɗaya a Grizzly su sa rolar da aka yi don tafiya a bushe, ana sayar da su, masu shiga ruwa da taɓo sun fi son su don in ruwa ya shiga ɗakin ba abin da zai kwaɓe, ka wanke ka hure ka wuce. Ni ina ganin wannan ya fi hankali ma

Oga Lawal: Akwai su gaskiya, na ɗaura wa mutane. Amma sharaɗi biyu, rolar ta zama wadda aka ƙera don hakan, ba ka ɗauki ta asali ka wanke ka mayar a bushe ba, wannan cinyewa za ta yi ta baje. Na biyu mai bushewa yana son a riƙa buɗewa ana hure ƙura akai-akai, kuma ko da shi hannun da fulin yake zamewa a kai, tsakanin sil biyun nan, yana nan yana son ɗan giris. Wanda babur ɗinsa na aiki ne, jan kaya da zirga-zirga, ba ya son kwance-kwance kowane lokaci, ni na fi ba shi shawarar ya bar shi yadda aka ƙera shi

Sagir: A nan dai mun rabu Oga, ni na fi ganin amfanin bushewar ko a wajen aiki, ƙura ai ba ta san wasa da aiki ba

Oga Lawal: Ƙura ba ta shiga in zoben roba da sil suna da lafiya, in ka ga ta shiga to su za ka canza

Auwal: To fulin baya fa? tunda na riga na buɗe ko shi ma in yi masa gaba ɗaya, kuma giris ɗaya ne da na gaba?

Oga Lawal: Ba ɗaya ba ne a littafi, nan ma mutane suna kuskure. A tsofaffi irin Grizzly 660 Bel-Ray assembly lube suka rubuta wa na baya, a na baya-bayan nan kuma giris ɗin foliyuriya, ka duba naka. Wajen da ake sawa ramukan da fin suke bi ne a ƙarƙashin kwalar da sifirin yake zaune a kai, da cikin hannun. Amma ƙanena ka ji ni da kyau, sifirin ɗin nan a matse yake da ƙarfin gaske, in ka kwance notin ba tare da abin matse shi ba zai iya tashi ya same ka a fuska. In ba ka da abin matsewa kar ka taɓa, ka gwada shi tukuna, in yana buɗewa yana komawa sumul ba ya cijewa kuma ba maiƙo a bayansa ka bar shi zuwa lokacin da za ka samu kayan aiki

Baba Tanko: Kuma notin fulin gaba da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaure shi a kan lambar da littafi ya ce, ba da bindigar iska ba. Ka tabbata farantin ya zauna daidai a kan haƙoran shaf kafin ka ɗaure, ka riƙe shi da hannu kar ya buɗe rola su faɗo daga mazauninsu kana sakawa

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, namu na aiki ne yara suke jan tirela da shi, jiya da aka buɗe an ga mai a ƙasan gidan bel amma ba kauri gare shi ba kamar baƙin mai ne, shi ma giris ɗin ne ya narke?

Injiniya Hadiza: Yaya ki sa a duba da kyau. In giris ne za a ga ya fantsama zagaye a jikin murfi saitin fuli, da ɗan kauri. In kuwa ya taru a ƙasa yana gudu kuma warinsa na baƙin mai ne to sil ɗin da ke bayan fuli ne ya saki, ko na ɓangaren inji ko na ɓangaren giya, a cire fulin a haska bayansa za a ga inda ya jiƙe. A duba ma'aunin baƙin mai ma ko ya ragu. Ko an wanke an sa sabon bel in ba a canza sil ɗin ba zai sake jiƙewa. Bel ɗin da ya sha mai sosai kuwa roba ta riga ta tsotsa, wanki ba ya fitar da shi duka, gara a canza. Kuma ki ce wa yaran in za su ja kaya ko tafiya a hankali su sa ƙaramar giya, jan nauyi a babbar giya yana dafa bel ko da ba ɗigon maiƙo a wajen

Maman Ilham: To Allah ya saka da alheri, a ƙasa ya taru kam, zan sa a cire a duba bayan

Auwal: Na duba littafin yanzu na ga adadin giram ɗin da inda ake shafawa. Na kuma murza rolar kamar yadda Baba ya ce, biyu sun ɗan baje a gefe, zan nemo saiti guda da zoben roba sabo da giris ɗin Yamaha. Fulin baya yana komawa lafiya zan bar shi. Oga sil biyun da ke cikin hannun fulin gaba su ma in canza ko in bar su, ban ga sun tsage ba

Oga Lawal: Ka danna leɓensu da farce, in da laushi suna dawowa ka bar su, in sun yi tauri canza su tunda ka riga ka buɗe. In za ka zura hannun ka shafa wa leɓen ɗan giris kar ya naɗe, duk abin da ya tsatso waje ka goge shi tas kafin bel ya hau